Jan Bik a Takardar Madam Ladi

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Gidimuni, ko a Damagaram Takaya, ko nan Garin Malam cikin Zinder, in ka ce masa Madam Ladi sai ka ga ya gyara zama, ko da kuwa yanzu ya tara gemu da 'ya'ya. Ba don duka ba, ba ta cika ɗaukar bulala ba. Jan bik, alƙalamin gyara, shi ne makaminta. Yaro ya miƙa mata littafinsa fes, ya karɓe shi kamar an yanka kaza a kai. Harafi ya karkace ta kewaye shi, waƙafi ya ɓace ta nemo shi, sannan can ƙasa ta rubuta 'yan kalmominta na Faransanci da kowa ya haddace, ma'anarsu: za ka iya fin haka. Wanda ya zo na ɗaya ma bai tsira daga kalmomin nan ba. Iyaye suna ce mata mai tsanani, ita kuwa ko a jikinta.

'Yar Gaffati ce, ɗiyar Nomau manomi. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, maƙwabta na ɓoye nasu a rumbu, shi Nomau ya riƙo hannunta ya kai ta da kansa, wai ya gaji da roƙon mai karanta masa takardar likita. Kanta ya ɗauki karatu. Da ta gama kolej malamanta suka so ta wuce lise, babbar sakandare, ta yi bak, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a, sai damina ta ƙi a shekarar, ga ƙanne cike da gida, ga aikin malanta kusa-kusa. Ta shiga makarantar horon malamai, ta fito aka tura ta ƙauye. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, amma abin ya zauna mata a rai, ya ƙi tashi.

Mijinta Malam Sulaiman tela ne, mutum mai sanyin hali da son tsokana. Duk garin da aka mayar da ita, sai ya ɗora kekensa na ɗinki a mota ya bi ta, yana cewa ai duk inda aka samu mutane akwai yagaggen wando. Shi kaɗai ya san ranar da ta je ta rubuta sunanta za ta zana bak, bayan an aurar da autarsu. Ta faɗi a karon farko, ta ci a na biyu, tana zaune cikin yaran da ta yi jika da su. Da ta yi retret, wato ta ajiye aiki, maimakon ta shimfiɗa tabarma ta huta, sai ta ce jami'a za ta shiga, ta karanta labarin ƙasa, ta yi lisans, wato digirin farko.

Babbar ɗiyarta Ilham ta zo takanas daga gidan mijinta.

"Inna, don Allah lisans ɗin me za ki yi da shi? Aiki za ki nema? Shekara sittin fa kika ba baya."

"Na sani, ai ni na yi su," in ji Madam Ladi. "Tun ina budurwa nake tsaye gaban allo. Ban ƙoshi da zama a benci ba aka tashe ni. Komawa zan yi in ƙarasa zamana."

Ilham ta dubi mahaifinta ko zai sa baki. Malam Sulaiman ya ci gaba da zura zare a allura, ya ce shi dai an riga an ɗauke shi aikin kai 'yar lakwal a babur, kuma ba ya son ya makara ranar farko.

To, shekaru suna da nasu hukuncin, wannan babu gardama. Matakalar amfi, wato babban ɗakin da ake ɗaukar darasi, sai ta hau ta tana dafa bango. Rubutun allo daga nesa sai ya zama mata tururuwa, dole ta sake gilashi. Abin da ta haddace da safe, kafin la'asar rabinsa ya zube. Ɗalibai suka sa mata Iya, suna rige-rigen ɗaukar mata jaka, suna tsare mata bencin gaba. Wannan duk ta karɓa da godiya, don gwiwa ba ta san girman kai ba. Maki kuwa tana samu daidai gwargwado, goma, sha ɗaya, wani lokaci tara cikin ashirin, kowanne ta kawo gida ta nuna wa Malam Sulaiman, shi kuma ya ce bai ji ta ce an rubuta za ki iya fin haka ba, malaman yanzu ba su iya aiki ba.

A shekara ta biyu aka sa musu darasin ruwa da taswira, mai lissafi da awo da zane-zane. Ranar farko malamin ya shigo, dogo, siriri, da jakar ordinater, wato kwamfuta, a kafaɗa. Madam Ladi ta miƙe tsaye, don a saninta malami ba ya shigowa ɗalibi na zaune. Ita kaɗai ce tsaye a ɗakin. Malamin ya dube ta, ya sake dubawa, sai ya ajiye jakar, ya sauko daga kan dandamali, ya durƙusa gabanta, ɗalibai cike da amfi suna kallo.

"Madam, ina kwana. Naziru ne, ɗan gidan Talatu mai ƙosai, na Gidimuni."

Ta gane shi tun kafin ya rufe baki. Yaron nan ne mai rubuta harufa a juye, mai lasar allo in an ce ya goge. Yanzu wai shi ne Dokta Nazir. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, amma ta daure ta yi ƙasa da murya.

"Tashi, Mushe," ta ce, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, "yara na kallo. Nan kai ne malami."

Ya tashi, ya koma kan dandamali, amma ranar duk abin da ya faɗa sai ya waiwayo bencin gaba, kamar mai jiran a ce masa daidai ne.

Darasin nan ya ba ta wuya fiye da kowanne. Lissafin ma'aunin taswira ya riƙa kwance mata, ta ɗaura nan ya warware can. Da aka yi jarrabawar farko ta fito jiki a sanyaye, ta ce wa Malam Sulaiman ya shirya jin kunya. Sai ga takarda ta dawo da sha biyar, fara tas, babu ko ɗigon ja. Ta yi murna, kada a ɓoye. Har kilishi ta saya ta kai gida. Ta biyu ta dawo, sha biyar, fara tas. Nan tsohuwar malama ta fara jin wani abu na wari.

A ƙa'ida mai gyara bai san takardar wa ke hannunsa ba, don ana naɗe kusurwar da sunan yake a manne ta. Shi ya sa ta yi ta kore zargin. Amma wata rana ta karɓi takardar Hafsa, yarinyar da ke zama kusa da ita, ta jera da tata. Kuskuren da Hafsa ta yi a lissafi na biyu shi ne ita ma ta yi, sak. An ja wa Hafsa layi biyu, an rubuta mata gyara a gefe, an rage mata maki. Tata an wuce kamar ba a gani ba.

Wanda ya yi shekaru yana kama yara masu satar amsa ba ya rasa dabara. A jarrabawa ta uku, a tsakiyar shafi, cikin kyakkyawan rubutunta mai lanƙwasa, ta rubuta cewa tafkin Gidimuni reshen teku ne, kuma manyan jiragen ruwa suna zuwa daga Kwatano su yi lodin rake a bakinsa. Ta miƙa takarda ta fita, tana addu'ar Allah ya sa ta dawo da ja.

Ta dawo da sha biyar, fara tas.

Ranar ba ta ci abincin rana ba. Ta zauna a tsakar gida da takardar a cinya, har Malam Sulaiman ya tsayar da keke ya leƙo. Ta ce masa, "Malam, ashe sadaka ake ba ni." Baƙin ciki ne sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta faɗi bak. Faɗuwa ai ta san ta, abokiyar tafiya ce. Wannan kuwa an ɗauke ta ne an ajiye gefe ɗaya, cikin ladabi, kamar tsohuwar ƙwaryar da ba a son ta fashe kuma ba a sha da ita. In haka za a yi ta yi har ƙarshe, to lisans ɗin da za a miƙa mata ba nata ba ne, na furfurarta ne.

Washegari bayan azahar ta same shi a biro ɗinsa, wato ofis, shi kaɗai. Ya yi zumbur ya miƙe zai ba ta kujerarsa, ta ce a'a, ta ja ta ɗalibai ta zauna. Ta ajiye takardar, ta ɗora yatsa a kan jiragen Kwatano.

"Mushe, ka karanta nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na karanta, Madam."

"Yaya aka yi ka san tawa ce, alhali an manne suna?"

"Madam, da rubutun nan na koyi rubutu. Ko cikin takardu dubu aka sa shi zan gane shi. In na ɗauki jan bik na kawo kansa sai hannuna ya ƙi."

Maganar ta taɓa ta, amma ba ta sake shi ba.

"To da ka ga jirgi a Gidimuni, garin da aka haife ka, me ka ce a ranka?"

Ta jira shi, jiran da ta saba yi wa yaro gaban allo. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na ce ko gajiya ce. Na ce shekaru ne, bari in rufa mata asiri, kada wani ya gani."

"Wato ka ɗauka na fara ruɗewa."

Idonsa ya cika.

Ta daɗe tana kallonsa. Haushi na nan, tausayi na nan, don ta ga yaron da gaske ƙaunarta yake yi, da ƙaunar ce ma ya cuce ta. Ta ce, "Naziru." Tun da ta shigo jami'ar ba ta kira sunansa haka ba sai yau. "Ka tuna shekarar da na hana ka wucewa aji na gaba?"

"Na tuna."

"Mahaifiyarka ta zo gidana da ƙwan zabi cike da ƙwarya, ta durƙusa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na karɓi gaisuwarta, na mayar mata da ƙwanta, ka maimaita aji. Ka san abin da ya sa? Don na ga akwai inda za ka. Wanda ba shi da inda za shi, shi ake bari ya wuce haka nan. Kai ka dube ni ka ga babu sauran inda za ni."

"Wallahi Madam ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Amma haka ka yi." Ta buɗe jakarta ta ciro jan bik, don har yau ba ta yawo babu shi, ta ajiye masa a kan takardar. "Duka ukun za ka sake dubawa. Abin da ka yi wa Hafsa shi za ka yi mini. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yau, in koma gida in yi renon jikoki."

Ya sake dubawa. Ya je da kansa wurin shugaban sashe ya faɗi abin da ya yi, ya sha faɗan da ya sha, aka gyara maki. Ta farko shida, ta biyu bakwai, mai jiragen ruwa biyar. A zagaye na biyu da ake ba waɗanda suka faɗi, ta ƙara faɗuwa, da kaɗan, amma faɗuwa ce. Darasin ya riƙe ta, 'yan ajinsu suka wuce, su Hafsa suna kuka kamar an yi rasuwa.

Zinder kuwa ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo labari ya kai unguwar Birni, inda Nazir ya dawo da mahaifiyarsa da zama, kuma ya kai a karkace. Wai yaron da Madam Ladi ta koya wa riƙe alli ya samu wuri ya kayar da ita, wai ramuwar gayya ce ta ajin da ta sa ya maimaita. A wurin suna ana yi, a wurin biki ana yi, wasu har da cewa boko ya cire masa albarka. Hajiya Talatu, tsohuwa tukuf, ta daina amsa gaisuwarsa. Ya durƙusa bakin ƙofarta da safe, ta juya fuska bango. Shi kuma bai buɗe baki ya kare kansa ba, don in ya yi sai ya faɗi cewa makin farko na sadaka ne, ya ga wannan tonon asirin Madam ne.

Ilham ce ta kawo wa mahaifiyarta labarin, tana huci, tana cewa ai gara da uwarsa ta yi masa haka. Madam Ladi ta yafa mayafi, ta ɗauki takardun nan uku, ta ce wa Malam Sulaiman ya tada babur.

Ta tarar da Hajiya Talatu a rumfa da mata 'yan gaisuwa, abin da take so ke nan. Tsohuwar na ganinta ta fara share hawaye.

"Madam, ki yafe mini. Ban san abin da na haifa ba ke nan. Da ina da ƙafa da ni zan zo."

"Yaya Talatu, ba ƙara na kawo ba, barka na zo yi miki." Ta zauna a gefen tabarma, ta baza takardun. Ja ko'ina, layi a kan layi, gyara a gefe da ƙananan harufa. "Kin ga wannan? Duk jami'ar nan babu wanda ya zauna ya ɓata lokacinsa a kaina haka. Da farko kunyata ya ji, ya riƙa ba ni makin da ban ci ba. Ni na je na tsare shi, na ce ya yi mini abin da na yi masa. Kin tuna ƙwan zabinki?"

Dariya ta kuɓuce wa tsohuwar cikin hawaye. "Na tuna mana. Na yi wata ban gaishe ki ba."

"To ga shi kin ga abin da ya zama. Ni ma ki bar shi ya yi aikinsa a kaina, ko Allah zai sa in zama wani abu."

Matan rumfa suka yi dariya, wata ta ce Madam da girmanki, me ya rage ki zama. Madam Ladi ta ce ita ma abin da take son ta gani ke nan. Kafin ta tashi, sai da ta ji Hajiya Talatu ta aika a kira mata Naziru ya zo ya ci tuwo.

Shekarar maimaicin ta sha wuya, ba a magana. Ta zauna da sabbin yara, ƙannen na bara. Ta sa Malam Sulaiman ya auna mata tsakar gida da tef ɗinsa na ɗinki, ta zana taswirar gidan, ta yage, ta sake, har ma'aunin ya zauna mata a kai. Da aka kai ɗalibai Gidimuni aikin fili, ta bi su cikin lambunan rake tana dogara sanda, tsofaffin ɗalibanta masu lambu suna fitowa da laka a ƙafa suna gaishe ta, suna mamakin ganin Madam da littafi tana rubuta abin da wani ke faɗa. A aji kuwa Dokta Nazir ya koyi kallonta ido cikin ido ya ce, "Ba haka ba ne, sake." Ranar da ya fara faɗa, ta sunkuyar da kai ta sake, tana ɓoye murmushi.

Aka yi jarrabawar ƙarshe ta darasin, wadda in ta ci, hanya ta buɗe mata zuwa lisans, in ta faɗi kuma ita da kanta ta san gwiwarta ba za ta ƙara ɗaukar wata shekarar maimaici ba. Ranar da aka raba takardu ba ta buɗe tata a amfi ba. Ta naɗe ta, ta fito bakin ƙofar jami'a inda Malam Sulaiman ke jira a inuwar itacen bedi, ta tsaya kusa da babur ta buɗe.

Sha ɗaya. Ja ya kai rabin shafi, kowane layi a inda ya dace, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da idon gwana ba ta samu na zalunci ba, ba ta samu na alfarma ba. Sai can ƙasa ta ga wani rubutu, da jan bik, harufan a tsaye masu lanƙwasa irin nata, kalmomin nan na Faransanci da ta rubuta wa yara sau babu iyaka.

Ta karanta, ta sake karantawa, gilashin ya yi hazo. Tun da furfura ta fito mata ake ce mata sannu, ake ce mata ki huta, ake ce mata ai kin yi ƙoƙari. Babu wanda ya ƙara yi mata maganar gaba. Ta tsaya nan bakin titi tana kuka, mace mai jikoki, ba ta ko damu da masu wucewa ba.

Malam Sulaiman ya tsorata. "Madam, an faɗi ne?"

Ta girgiza kai, ta miƙa masa takardar duk da ta san ba ya karanta Faransanci, ta nuna masa layin ƙasa da yatsa.

"Me ya ce?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta hau bayan babur, ta gyara jakarta a cinya.

"Ya ce zan iya fin haka."